Shekarar da Aka Haƙo Katantanwa a Dagauda

A wani gidan suna a Gadau na ji maganar da kunnena. Ina zaune ina fama da ƙashin kaza da ragowar haƙorana, sai wata mata da ba ta san ni ba ta karkace tana ba ta kusa da ita tarihin gidanmu. Wai ai a gidan Malam mai ɗinki na Azare aka yi ɗan da boko ya juya wa kai, ya miƙe a gaban jama'a ya ce ba a taɓa yin Annabi Nuhu ba, uban ya tsine masa, ya sa aka watso masa kaya waje. Har da ƙarin gishiri, wai ya mutu can wata uwa duniya ba a san kabarinsa ba. Na ajiye ƙashin na ce, Hajiya, ni ce ƙanwar ɗan. Ta tambayi hanyar banɗaki, har muka tashi ba ta dawo ba. Na yi dariya a lokacin, amma da na koma gida abin ya tsaya mini a rai. Idan baƙuwa haka ta san labarin, to ku 'ya'yana da ku 'ya'yan Yaya Haruna wataƙila guntunsa kuka tsinta kuna jin nauyin tambayata. Shi ya sa na ware wannan babi. Yaya Haruna bai ƙaryata Annabi ba, Malam bai tsine masa ba, kuma babu wanda ya taɓa masa ko tsinke. Abin da ya faru bai kai girman wannan ba, amma ya fi shi ciwo.

Mahaifinmu, wanda mu da mutanen gari duk Malam muke ce masa, mutumin Katagum ne. Ɗinki ya kawo shi Azare, karatu ya zaunar da shi. Da safe yana aikin wuyan riga a zaure, bayan la'asar dattawa su kewaye shi da littattafansu. Mutum ne mai raha, mai son gardama kamar me. Idan ya rasa abokin musu sai ya shigo cikin gida ya tsokani Inna, ya ce nonon Fulanin yanzu rabinsa ruwan rijiya ne. Ita kuwa 'yar rugar bayan Gadau ce, sai ta juye harshe ta wanke shi tas da Fillanci, yana ta dariya don rabin zagin ba ya ji. Mu biyar ta haifa masa, amma kowa ya san Haruna ne ɗan gaban goshi, kuma ba mu taɓa jin haushi ba, domin mu ma shi ne namu.

Tun yana ƙarami aljihunsa ba ya rabo da tsakuwa, Inna ta gaji da ɗinke masa ɓula. Shi ya koya mini duba agogo, shi ya koya mini keke a ɓoye a bayan makarantar firamare, kuma shi ya laƙaba mini Rediyo saboda bakina ba ya hutawa. Dariyarsa ba ta da sauti da farko, kafaɗunsa ne za su fara rawa, sai daga baya ta fashe. Da ya tafi jami'a a Jos ya ce ilimin ƙasa da duwatsu zai karanta, Malam ya ce to, ga wanda zai je har jami'a ya koyo tsintar tsakuwa. Amma a zaure kuwa, ba a minti biyar bai sako sunansa ba. Da ya gama ya samu aiki da masu haƙa rijiyar burtsatse a ƙauyukan Dambam da Gadau. Yakan kwana a daji tare da injin, ranar Alhamis da yamma ya dawo a kan babur, takalmansa duk laka. Har yau idan na ji babur ya tsaya a ƙofar gida ranar Alhamis da yamma, zuciyata takan riga ƙafafuna miƙewa.

Akwai kuma Malam Bitrus, maƙwabcinmu, malamin asibiti, Kirista daga kudancin Bauchi. Ya daɗe a Azare har Hausarsa ta fi ta wasunmu. Shi ne babban abokin gardamar Malam. Idan ya taso aiki sai ya tsaya a zaure da hularsa a hannu, su ɗauko wani Annabi su yi ta juya shi har magariba, wannan ya ce littafinmu ya ce, wancan ya ce namu kuma ya ce. Ba su taɓa gamawa ba, ba su kuma taɓa ɓatawa ba. A kan Annabi Nuhu kuwa sun sha kai ruwa rana, kan yawan mutanen jirgi da sunan dutsen da ya tsaya a kai. Abu ɗaya ne suka haɗu a kansa babu musu: ruwan Ɗufana ya rufe duniya kaf, har da Azare da Katagum da tudun da muke zaune a kai.

A shekarar da nake ba ku labari, ban daɗe da fara koyarwa a firamare ba, ban yi aure ba tukuna. Wata Alhamis Yaya Haruna ya dawo daga Dagauda, can ƙasar Dambam, ya miƙo mini wani ƙulli. Na kwance na ga ɓawon katantanwa ƙanana farare, wasu a farfashe, busasshiyar laka a jikinsu. Ya ce injin ne ya fito da su daga can ƙasa, zurfin da babu guga mai kaiwa, in kai wa 'yan ajina su gani. Na zuba su a tasa na bari a bakin randa, shi kuma ya koma daji ranar Asabar. Da Malam ya zo alwala ya gan su, ya tambaye ni daga ina. Na gaya masa yadda aka gaya mini, har da ɗan ƙari irin na Rediyo. Sai na ga ya tsuguna ya ɗauki ɗaya yana juyawa a tafin hannu, idonsa ya ciko.

"Katantanwa a ƙarƙashin Dagauda? Inda ko kududdufi ba ya kai kaka? Dije, kin san abin da kika ajiye a bakin randa kamar ɓawon gyaɗa? Wannan shaidar Ɗufana ce. Allah ya ɓoye ta tun zamanin Annabi Nuhu, ɗana ya tono ta."

'Yan ajina ba su taɓa ganin katantanwar nan ba. Malam ya karɓi kumbon Inna mafi kyau, ya shimfiɗa farin ƙyalle a ciki, ya jera su ya kai zaure. Kafin kwana biyu magana ta zaga unguwa. Dattawa suna zuwa su leƙa su yi kabbara, mata suna aiko yara a ara musu su gani a mayar. Malam Bitrus ya sa tabarau ya duba, ya tafi gida ya dawo da matarsa da wasu mutanen cocinsu biyu. Ranar ce na fara ganin shi da Malam sun yini gefe ɗaya, har Inna ta ce lallai duniya ta zo ƙarshe. Malam kuwa duk wanda ya shigo sai ya ce masa, ku da kuke cewa boko na raba yaro da addini, ga nawa ya je ya dawo mini da hujja. Ku bari ya dawo ranar Alhamis ku ji daga bakinsa. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na wannan mako ba, kuma wannan ne abin da nake so ku riƙe kafin ku yanke masa hukunci.

Alhamis ta zo, saura kwana biyu cika-ciki. Yaya Haruna ya kashe babur ya shigo zaure da lakarsa, bai san komai ba, ya tarar da shi cike maƙil. Ni ina bayan ƙyaure da butar shayi, inda na saba tsayawa. Bayan gaisuwa Malam ya turo kumbon gabansa, ya ce ya yi wa iyayensa bayanin yadda ya samo shaidar Ɗufana. Na hango fuskar Yaya ta tsagar ƙyaure. Ya dubi kumbon, ya dubi Malam, ya sosa ƙeya. Da yana da wayo irin nawa, da ya ce ya gaji, a bari sai gobe, ya ja Malam gefe. Amma shi ba a halicce shi da kwana-kwana ba.

"Allah gafarta Malam, wannan ba ta Ɗufana ba ce. Katantanwar tafki ce."

Zaure ya yi tsit. Shi kuwa da ya ga an yi shiru sai ya ɗauka bayani ake jira, ya gyara zama. Ya ce idan injin ya shiga ƙasa ba abu ɗaya yake fitowa da shi ba, rairayi ne, sai laka, sai rairayi kuma, sai yumɓu, hawa-hawa kamar an jera tabarmi, kowane hawa da zamaninsa. Lakar da katantanwar take ciki mai laushi ce ƙwarai, irin wadda ba ta taruwa sai ruwa ya kwanta shiru shekaru aru-aru. Ruwan da ya zo da ƙarfi ya wuce cikin 'yan watanni ba ya barin irinta. Ya ce a da can ƙasar nan tafkuna ne da fadamu, dangin Tafkin Chadi, su cika su janye, su sake cika.

Malam Bitrus ne ya fara tare shi. "Haruna, ɗana, a littafinmu har manyan duwatsu sai da suka nutse. In dutse ya nutse, Dagauda ce za ta tsira?"

"Baba Bitrus, in ruwa ya kai haka, to ina ya tafi daga baya?"

Malam ya karɓe da sauri, har lokacin da ɗan murmushinsa, yana zaton gardama ce irin wadda ya saba. "Ƙasa aka umarta ta haɗiye shi. Ko ka manta karatunka?"

"Ban manta ba, Malam. Amma cikin ƙasar nake yini. Da ruwa ɗaya ya rufe ko'ina lokaci ɗaya, da duk inda muka haƙa mun tarar da hawa ɗaya iri ɗaya, a Dambam da Gadau da Jos. Ban gani ba, kuma waɗanda suka koya mini ma ba su gani ba."

Sai wani dattijo mai sayar da goro, wanda dama ba ya ƙaunar a yabi ɗan wani, ya ce yaro ya bar kewaye-kewaye, ya faɗa musu ƙarara, an yi Ɗufana ko ba a yi ba. Ga amsar da ya bayar, ku rubuta ta a zuciyarku, domin da kunnena na ji:

"An yi. Allah ya faɗa, na gaskata. Ruwa ya hallaka mutanen Annabi Nuhu, jirgi ya tsira. Amma ko ruwan ya iso Katagum, wannan ban sani ba, ban kuma ga alamarsa ba. Abin da na sani shi ne wannan katantanwa ba shaidarsa ba ce."

Dattijon ya ƙyalƙyale da dariya ya ce, ashe Malam mako guda katantanwar kududdufi muke zuwa yi wa ziyara. Wasu suka taya shi. Ba dariyar mugunta ba ce sosai, amma a zauren Malam aka yi ta, a gaban ɗalibansa. Na ga ya miƙa hannu ya rufe kumbon a hankali. Aka kira magariba, kowa ya nemi takalminsa.

Washegari da hantsi Malam ya kira shi ɗakinsa. Inna tana tankaɗe a ƙofar ɗakin, ni ina taya ta, ko dai ina yin kamar ina taya ta. Malam bai ɗaga murya ba. Ya ce bai ce ya bar aikinsa ba, bai ce ya ƙona takardunsa ba. Abu ɗaya yake so, bayan la'asar ya zauna a zaure ya ce ya sake dubawa, mai yiwuwa ta Ɗufana ce. Mai yiwuwa kawai.

"Malam, kai ka dake ni ina yaro don na ce na ga wata alhali ban gani ba. Ka ce shaida ba a yin ta don a faranta wa mutane. Yanzu in je in ce mai yiwuwa, alhali na san ba ita ba ce?"

"Yau katantanwa ce ba ta Ɗufana ba. Gobe ruwan bai zo Katagum ba. Jibi kuma me za ka ce bai zo ba? Ni tsoron da nake ji ke nan, Haruna. Ina ganin ƙafarka a bakin rami kana ce mini kana auna zurfinsa."

"Wallahi imanina yana nan inda ka bar shi."

"To faɗi kalma biyun nan in gani."

Bai faɗa ba. Ya fito idonsa ja wur. Inna ta bi shi har bakin babur tana cewa, kai Haruna, kalma biyu ce fa, ko ni nakan ce wa ubanku miya ta yi gishiri alhali ban sa ba, a zauna lafiya. Ya ce, Inna, miya daban. Ta juye Fillanci, shi ma ta wanke shi.

Sai in gaya muku yadda muke cika-ciki a gidanmu, domin ku kun taso an daina yin sa haka. Kun san dai ana cewa ranar ce jirgin Annabi Nuhu ya sauka, aka tattara ragowar guzuri aka dafa kowa ya ci ya ƙoshi. Shi ya sa ake ajiye wutsiyar ragon layya a busar, a zuba a miya ranar, a yi tuwo mai yawa, a tsorata yara cewa wanda bai ƙoshi ba zai gani. To Malam ya ƙara nasa. Bayan an sha ruwa sai a shimfiɗa babbar tabarma a tsakar gida, a jera akusa a kanta, kowa ya wanke hannu ya tsaya a gefe, ba mai taka ta. Tabarmar ita ce jirgi. Malam ya zauna a tsakiya ya ba da labarin Annabi Nuhu tun daga sassaƙar katako har saukar ruwa, sannan ya fara kira da suna ɗaya bayan ɗaya. Wance, shigo jirgi. Sai ka amsa ka hau ka zauna gaban akushinka. Yakan fara da Inna, ya ce a shigo da Bafillatana ko don nono. Har kyanwa yakan kira, har akuyar da ke ɗaure, muna ta dariya. Tun muna yara muke yi, muka girma ba mu daina ba, ko baƙo ya kwana gidan ranar sai an kira shi.

Ranar cika-cikin shekarar nan Yaya Haruna ya yi wanka ya sa farar riga, ya wanke hannu ya tsaya jikin bangon ɗakin Inna kamar kullum. Ni na ɗauka komai ya wuce. Malam ya ba da labari, muryarsa ba daɗi. Da ya iso wurin ɗan Annabi Nuhu da ya ƙi shiga jirgi ya ce zai hau dutse, sai ya ja wurin ya daɗe a kai. Sannan ya fara kira. Ya kira Inna ba tare da tsokana ba. Ya kira yayyenmu mata da 'ya'yansu, ya kira ni, ya kira autanmu. Ya kira kyanwa, ba wanda ya yi dariya. Sai ya yi bisimilla ya sa hannu a tuwo.

Akushi ɗaya ya rage a rufe. Yaya Haruna yana tsaye, hannunsa bai gama bushewa ba. Ya jira. Na san jira yake, don ina kallon yatsun ƙafarsa a bakin tabarma, ko taki ɗaya babu tsakani. Inna ta ce, Malam, ka manta mutum. Malam ya ce bai manta kowa ba, jirgi a buɗe yake ga wanda ya yarda an yi ruwa. Ina ganin so yake Yaya ya faɗi kalma biyun nan ko a hankali ne, ya kira shi da gudu. Shi kuma Yaya so yake a kira shi tukuna. Kyanwa tana ta lasar miya. Daga nan ya juya ya fita.

Na sauka daga tabarma, abin da ba a yi sai an gama, na ɗauki akushinsa na bi shi. Na same shi a lungu yana tura babur bai tayar ba, don kada Malam ya ji tafiyarsa. Na tare gabansa ina kuka na ce wallahi sai ya ci, ranar cika-ciki ba a kwana da yunwa. Ya jingine babur ya yi loma biyu a tsaye don ya rabu da ni, ya tsamo wutsiyar ya sa mini a baki kamar ina yarinya.

"Rediyo, wannan kada ki watsa shi."

Ban watsa ba sai yau, shi ya sa masu ƙarin gishiri suka samu fili.

Kada ku ɗauka ya yanke zumunci. Ya nemi canjin wurin aiki ya koma wajen Maiduguri, amma duk sallah yana zuwa. Ya durƙusa a zaure ya gaida Malam, Malam ya amsa ya sa masa albarka, ya tambayi aiki, ya tambayi hanya, shi ke nan. Mutum biyu da a da sai Inna ta kore su daga hira, suka koma kamar mai gida da baƙon kasuwa. Da zai yi aure Malam ne ya je Dambam ya nema masa Hauwa, mahaifiyarku ku 'ya'yansa. Amma bai sake kwana a gidan ba, a wurin abokinsa yake sauka, kuma bai sake zuwa cika-ciki ba. Kowace shekara Inna ta zuba akushinsa ta rufe, Malam ya gani ya kau da kai, da safe a ba almajiran zaure. Gardamar zaure ma ta mutu. Malam Bitrus ya fi kowa jin ciwon abin, yana cewa da bakinsa aka fara. Wata rana na ji ya ce wa Malam:

"Malam, ka san a littafinmu duk 'ya'yan Nuhu sun shiga jirgi? Ba wanda aka bari a waje."

"A namu ɗaya ya ƙi."

"To ka ara namu na shekara ɗaya mana."

Malam ya ɗan yi murmushi, ya ci gaba da ɗinkinsa.

Ni kuwa na zama 'yar aike tsakaninsu har na yi aure na haihu ina yi. In je wurin Malam in ce kira ɗaya ne fa. Ya ce ai ƙofa ba a rufe take ba, ya zo mana. Wata rana har ya gaya mini cewa ya bincika, akwai malamai na da da suka ce mutanen Annabi Nuhu kaɗai ruwan ya ci, saɓani ne sananne. Na ce to me ya rage? Ya ce saura yaro ya san uba uba ne. In samu Yaya ranar sallah in ce ka zo bana, ka hau tabarmar kawai, wa zai sauke ka? Kafaɗunsa su ɗan yi rawa, dariyar ba ta fashe ba, ya ce, Rediyo, jirgin Malam ba a hawansa sai an kira. Taurin kan iri ɗaya ne, a wurin Malam ya gado shi. Duk shekara ina cewa baɗi za a shirya, kuma na yarda da hakan har zuciyata, don ina ganin lokaci muna da shi da yawa.

Shekara goma sha wani abu muna haka. Wata safiya da damina mota ta tsaya a ƙofar gida, abokan aikinsa biyu suka fito suna sunkuyar da kai. Zazzaɓi ne ya kama shi a daji wajen aiki, kafin a kai shi asibiti ya yi nisa. A bayan motar suka kawo shi. Ga amsar masu cewa ba a san kabarinsa ba: yana nan Azare, gabas da na Inna. Malam ne ya yi masa wanka da hannunsa, shi ya ja sallarsa, muryarsa ba ta karye ba sai a kabbara ta ƙarshe. Malam Bitrus ya tsaya daga nesa a bakin maƙabarta da hularsa a hannu har aka watse. Malamin da ya ɗauki ɗansa kafiri ba ya tsayawa a kansa ya yi salla, wannan ko yaro ya sani.

Bayan takaba Hauwa ta zauna da mu da 'ya'yanta uku. Cika-ciki ya zagayo. Mun so a bar shi a shekarar, Malam ya ce a shimfiɗa tabarma, marayu ba su taɓa gani ba. Ya tsufa sosai a 'yan watannin nan, sai da aka riƙe shi ya zauna. Muka wanke hannu muka tsaya a gefe. Ya ba da labarin a gajarce, daga hawan jirgi ya tsallaka zuwa saukar ruwa. Ke Ummi, babbar 'yar Yaya, kina da shekara bakwai ko takwas, an koya muku labarin a Islamiyya, ga baki kin gado na gwaggonki. Ba za ki tuna ba, amma ke kika ce:

"Kaka, ka yi tsallake. Ina ɗan da ya ƙi shiga?"

Hauwa ta kai hannu za ta rufe miki baki, Malam ya ce a ƙyale amaryarsa, gaskiya ta faɗa. Ya shafa tabarma da tafin hannu. Sannan ya ce:

"Ɗan ya ƙi shiga, haka ne. Amma uban ya kira shi. Yana cikin jirgi, ruwa yana tashi kamar duwatsu, ya hango shi can gefe, ya ɗaga murya ya ce ɗana, zo ka hau tare da mu. Annabi ne fa, ya san yaron bai yarda da shi ba, bai ce sai ka faɗi kaza tukuna ba. Kiransa yake yi har igiyar ruwa ta shiga tsakaninsu. Shekara nawa ina karantar da wurin nan a zaure."

Ya ɗago ya dubi bangon ɗakin Inna.

"Nawa ya yarda, ya wanke hannu, yana tsaye nan. Ni ban kira ba."

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Babu wanda ya motsa, tuwo yana ta hucewa a akusa. Can Malam ya share ido da hannun riga, ya ce kowa ya hau ya ci, daga yau a gidan nan ba sai an kira mutum ba.

Muka hau.